Kwana goma sha biyu cikin duwatsun Abzin

Mu mutanen kudu mun san Abzin a kasuwa, ba mu san ta a ƙasa ba. Kantun gishiri da dabinon da ake saukewa a Damagaram, Tasawa da Maradi, Abzinawa ne ke ɗauko su daga Bilma da Fashi, amma ɗan kasuwa bai cika tambayar inda raƙumi ya kwana ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, in aka ce an maida shi arewa, sai ya shiga neman wanda zai soke masa takarda.

Cikin watan Disamba na 1988 muka bar Agadas mu huɗu a wata tsohuwar Land Rover, tare da direba da wani dattijo Ba'abzine mai nuna hanya. Mun ɗauki mai, ruwa, garin alkama, shayi da barguna. Da fita gari kwalta ta ƙare. Tsakanin Agadas da Timiya kilomita ɗari biyu ne da ɗan wani abu, amma sai da muka kwana biyu, domin hanyar ba ta wuce sawun mota bisa baƙin dutse da rairayin kori ba. Sau uku taya ta fashe kafin mu wuce Elmeki, inda ake haƙar kuza. Can gabas ana hangen Bagzan, mai tsayin mita 2022, wanda babu dutsen da ya kai shi a duk Nijar.

Dare shi ne abin da na fi tunawa. Dattijon ba ya yarda a sauka sai ya zagaya ya duba sawu da inda iska ke bugowa. Sai ya kwaɓa gari, ya kawar da garwashi, ya binne gurasar cikin rairayi mai zafi, ya tono ta ya kakkaɓe, ba ƙwayar yashi ko ɗaya a haƙori. Tantin da muka sha wahalar ɗaukowa sau ɗaya muka kafa shi. Ya dube shi ya ce: "Malam, wanda ya rufe sama, da me zai san lokaci?" Daga nan bisa tabarma muke kwana, sanyin asuba na ratsa bargo biyu, ruwan buta ya gagari alwala sai an ɗora a wuta.

Timiya ta fito mana kwatsam daga tsakanin duwatsu: dabino, lemu, rumman, alkama kore shar, ga dabba na kai da komo tana jan guga daga rijiya. Amma garin kusan na mata ne da tsofaffi da masu lambu. Sauran maza sun ƙetare Tenere zuwa Bilma tun kaka, sun dawo, sun kuma gangara ƙasar Hausa neman hatsi, ba a sa ran su sai bayan watanni. A nan na ga abin da ke cikin kantu ɗaya: rabin shekarar magidanci nesa da iyalinsa. Wanda ke tsayawa a kasuwa yana ja-in-ja da madugu a kan dala ashirin, a ganina bai san abin da yake tayawa ba.

Asode ba mu daɗe ba. Tsohon birnin Abzin ne, yanzu kufai: bangayen dutse, ragowar masallaci, tsingaro ko'ina. Ya riga ya fara raguwa kafin yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ya ƙarasa shi. Muka yi salla, babu mai magana, muka wuce Iferwan, daga can muka faɗa kwaltar Arlit.

A 1990 tawaye ya tashi, hanyar ta rufe har aka sa hannu kan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Ta sake rufewa tsakanin 2007 da 2009. Direbanmu ya sayar da motar tun rufewar farko, ya koma ɗaukar albasa zuwa kudu. Cikinmu mu huɗu, biyu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu wanda ya sake taka Timiya.