Wuni Guda A Kan Dutsen Gangirwal

Fataken da ke zirga-zirga tsakanin Jalingo da Gembu sun san garin Serti sarai, gama a nan ake yada zango a yi salla, a duba lafiyar mota kafin a tasam ma hawan Mambila. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa dajin nan da ke gabas da hanya shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin Gwamnatin Tarayya. Sunansa Gashaka-Gumti. An kafa shi a shekarar 1991, watau shekarar da aka raba tsohuwar Jihar Gongola aka fitar da Taraba da Adamawa, shi kuwa ya ratsa jihohin biyu, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Can ƙuryarsa ta kudu, a kan iyakarmu da Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, wanda kuma ake kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 ne, kusan ƙafa 8,000 ke nan, duk Nijeriya babu tudun da ya kai shi.

Ba a shiga sai da takardar izini daga ofishin gandun da ke Serti, sa'an nan a haɗa mutum da ma'aikacin daji wanda zai yi masa jagora. Mu ta Nguroje muka bi, babura suka kai mu iyakar inda babur ke iya zuwa, muka kwana a ƙauyen ƙarshe. Ana idar da sallar asuba 'yan dako suka ɗaure tantuna da tukwane, muka kama hanya cikin sanyin hunturu mai sa haƙora kaɗawa.

Mai karatu, wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ko Katsina ba zai gane wahalar wannan tafiya ba sai ya taka. Ka hau tudu ka ce shi ke nan, sai ka tarar da kwari a gabanka, ka gangara, ka sake hawa. Wajen hantsi muka iso wata ruga, matan Fulani suka kawo mana kindirmo. Akwai wurare a cikin gandun da doka ta yarda makiyaya su zauna, don sun riga gandun zuwa. Daga nan hanya ta tsuke ta zama turbar shanu, daga baya ma ta ɓace. Aka zo inda ƙafa kaɗai ba ta isa: mutum ya kama gefen dutse da hannu biyu, ya nemi tsagar da zai sa ɗan yatsan ƙafa, kada kuwa ya kuskura ya dubi ƙasa. Ciyawa ba abin riƙo ba ce, tana tugewa. 'Yan dakon nan da kaya niƙi-niƙi a ka suka wuce mu kamar masu zuwa kasuwa, abin ya ba mu kunya ƙwarai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kurmin da ke cikin kowane kwari. Saman tuddai ciyawa ce zalla, amma da ka gangara sai ka shiga inuwa mai duhu, itatuwa sun yi gansakuka, ga ruwa garau yana tsattsafowa daga ƙarƙashin saiwoyi a tsakiyar rani. A bakin irin wannan ƙorama muka yi alwala muka sallaci azahar. Ruwan da bai kai cin idon sawu ba a nan, shi ne yake haɗuwa da 'yan'uwansa su zama kogin Kam da na Gashaka, su faɗa kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Ashe masuncin Ibi da manomin shinkafar fadamar Binuwai suna da rabo a kurmin da ba su taɓa gani ba. Kurmin yana riƙe ruwan damina kamar soso, yana sakinsa sannu a hankali. In aka sare shi, ruwan ya tafi gaba ɗaya da ambaliya, rani ya zo rafi ya ƙafe.

Ana kuwa ɓarnar. Mun ga inda wutar da ake cinna wa ciyawa don sabon toho ta ci gefen kurmi, ta bar kututture baƙi ƙirin. A ƙasa kuma, wajen sarari, 'yan katako sun yi wa itacen madobiya kisan kiyashi a Taraba don kasuwar ƙasar Sin, har a shekarar 2016 aka sa ta cikin itatuwan da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. A ganina, ɗan kasuwar da ya ba da jari da ma'aikacin da ya sa hannu a takardar wucewa ba su fi mai zarto tsarki ba.

Bayan la'asar muka kai ƙololuwa. Hazo ya rufe nesa, amma ana hangen tuddan Kamaru jere bayan juna. Duk ƙasar nan dā a hannun Jamus take, Ingila ta karɓe ta a yaƙin duniya na farko, sai a 1961 mutanenta suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna.

Ba a kwana a saman saboda iska. Muka ɗan sauko muka kafa tantuna a bayan wani dutse kusa da ruwa, aka dafa shinkafa da shayi. Jagoranmu bai yarda a sari ɗanyen ice ko ɗaya ba, busasshe muka tsinto, kuma kafin ya kwanta sai da ya kwara wa garwashin ruwa, ya tona tokar da sanda ya tabbata ta mutu.