Tuwon da Ya Kashe Mana Kifi

Duk wanda ya tashi a Beli ya san kifi a miya ko a tiren mai talla, amma ba kowa ne ya taɓa zama ya ga kifi mai rai yana cin abinci ba. Mu ma sai a wani dogon hutu, muna aji huɗu na sakandare, muka raka Kawu Ƙaraye, muka biya ta bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. A nan wani masunci ya ga yadda muka ƙura wa komarsa ido, ya zuba mana 'yan tarwaɗa 12 a galan, kowacce ba ta wuce tsawon yatsa ba. Abu ɗaya ya ce mana: "Samari, ban da cika musu abinci." Muka ce to, amma maganar ko bakin titi ba ta raka mu ba.

Mun sha ganin akwatin gilashi na kifin ado a waya, to mu namu akwatin tsohon bahon wankin Inna ne. Muka cika shi da ruwan rijiya, muka ajiye a gindin darbejiya. Mu uku ne masu kiwon, har da autanmu, kuma kowa so yake a ce shi ya fi tausayin kifin. Wannan ya jefa sauran tuwon masara da miyar kuka a jikinsa, wancan ya kawo shinkafa da mai, auta kuwa ya ɓoye burodin karin kumallonsa ya marmasa musu. Babu wanda yake gaya wa wani.

A kwana na uku ruwan ya yi fari kamar an dama koko, maiƙo ya kwanta a samansa. A kwana na biyar wari ne ya tashe mu. Muka tarar da bakwai sun juya ciki sama. Auta ya fashe da kuka, mu manyan muka shiga ɗora wa juna laifi. Inna ta leƙo ta dubi bahon, ta ce: "Akuya in ta bar dusa, sai a share. Su kuwa waɗannan a cikin kwanon abincin nasu suke kwana, a nan suke numfashi. Ku za ku iya?"

Abin da Inna ta faɗa a taƙaice shi muka zo muna karantawa daga baya a darasin ilimin halittu. Abincin da kifi bai ci ba ruɓewa yake yi, ƙwayoyin bakteriyar da ke ruɓar da shi kuma su zuƙe iskar oksijin ɗin da ke cikin ruwan. Daga ruɓaɓɓen abincin da kuma jikin kifin kansa ake samun amoniya, wadda guba ce gare shi. Ga shi ruwa in ya ɗumama, oksijin ɗin da yake iya riƙewa raguwa yake yi. Da karfasa muka samo, da wuya ko ɗaya ta kai labari. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa biyar suka tsira.

Akwai kuma kuskure na biyu. Mun ɗauka abin da ya ƙosar da mu zai gina kifi. Alhali ƙaramar tarwaɗa tana buƙatar abinci mai furotin kusan kashi 40 cikin 100, masara kuwa nata bai fi kashi 10 ba. Wato mun ɓata musu ruwa da abincin da ko sun ci ba zai sa su girma sosai ba.

Kuɗin abincin kifi na kamfani ba mu da shi, don haka muka koma madafin Inna, amma wannan karon da lissafi. Muna dafa ƙwai mu murtsuke ɗan gwaiduwar. Muna soya waken suya ba mai, mu daka, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Kan busasshen kifin da ake zubarwa ma dakawa muke yi mu haɗa da garin waken, mu sa ɗan kamu ya riƙe shi, mu mulmula ƙanana mu shanya. A kan haka muke ƙara musu tana da gara, su kam wawaso ake yi a kansu. Duk abin da ya ga mai, gishiri, yaji ko dunƙule, mun haramta shi. Mutum ɗaya ne yake ba da abinci, safe da yamma, daidai abin da za su cinye cikin minti biyar. Abin da ya rage mu tsame da matacin koko. Bayan kwana biyu kuma mu kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan mu zuba wa zogale, mu ƙara sabo.

Ba za mu ce daga nan ba mu ƙara asara ba. Wata da ta fi sauran girma ta haɗiye ƙanana biyu, sai a lokacin muka san dole a riƙa ware manya daban. Uku suka kai wata biyar, suka ƙare a tukunyar Inna. Auta ya ƙi ko ɗanɗana romon.

Ƙannenmu ɗalibai, idan kun samu 'yan kifi a wannan hutun, ko a baho ne ko a akwatin gilashi, ku tuna dabbar da kuka killace ba ta da wata hanya sai ku. Kifi mai lafiya zai jure kwana ɗaya ba abinci, amma ruɓaɓɓen ruwa kan iya gamawa da shi a dare guda. Kafin ku jefa loma, ku fara duban ruwan, ku kuma tambayi 'yan uwanku ko wani ya riga ya ba su.