Baƙin Mai a Ƙarƙashin Farce

Yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi da motar kara yake farawa. Mu a Adjamé ba mu da karan dawa, sai gwangwanin madara da waya da tsofaffin silifa da muke yankawa mu yi tayu. Kuma ba kowace mota muke ƙerawa ba, gbaka muke yi, ƙananan bas ɗin nan da ke cika titin Nangui Abrogoua da hayaƙi, har da yaron mota na kwali maƙale a ƙofa. Wanda ƙafafun gaban motarsa ba sa juyawa idan ya murɗa sanda, ba a sa shi a tsere. Saboda haka na san yadda sitiyari ke tura ƙafa tun ban iya karanta sunana ba.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, atamfa yake sayarwa, mota a wurinsa jaki ce mai shan mai. Ƙanin mahaifiyata shi ne bakanike. Garejinsa na Treichville, kuma in na ce gareji kada mai karatu ya zaci wani gini: rumfar kwano ce, da rami, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Ina ɗan shekara tara aka fara barina in hau bas ɗin SOTRA ranar Asabar, mu ratsa Plateau, mu haye gadar Houphouët-Boigny, in sauka in ƙarasa da ƙafa.

Aikina na farko wankin noti ne a cikin kwanon gas. Shekara guda cur ban taɓa inji ba. Kawu zai kwance abu ya zube mini, in wanke, in jera a kan buhu yadda suka fito, na farkon fita a ƙarshen layi. In ya miƙo hannu daga ƙarƙashin mota ya ce "kile goma sha uku," ba ya son a tsaya karanta lamba, ido ya kamata ya gane. Hausar garejin ma daban take. Abin da Bakano ke kira sifana mu kile muke cewa, fulogi buji ne, birki kuwa firan. Sai da na girma na fara hira da makanikan Najeriya na gane cewa Hausa biyu muke yi a kan ƙarfe ɗaya, tasu ta sha Ingilishi, tamu ta sha Faransanci.

Amma abin da ya kama ni har yau shi ne kunne. Kawu yakan dafa bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kai ƙotar bayan kunnensa, ya rufe ido. Wata rana ya kira ni ya ce, "Zo ka ji." Na kara kunne, hayaniyar da nake ji kamar abu ɗaya sai ta rabu gida-gida: ga bawul yana ƙyas-ƙyas a sama, ga wata ƙara mai nauyi can ƙasa. Ya ce, "Wannan ta ƙasan ita ce mai cin kuɗi." Daga nan ya nuna mini cewa silinda huɗu ba a jere suke kamawa ba, ta ɗaya ce, sai ta uku, sai ta huɗu, sai ta biyu. Ya cire buji guda ya ba ni: in bakinsa ya yi baƙin toka, kafireto na ba da mai fiye da kima; in ya yi fari fat, iska ta yi yawa. Daga baya na karanta cewa injin fetur na son iska kashi 14.7 a kan mai kashi ɗaya ta nauyi. Kawu bai taɓa jin wannan lissafin ba, amma da ɗan murɗa sukuru yake kai inji wurin.

Da rana ana zama cin garba, wato acake da soyayyen kifin tuna, abincin da Abidjan ta laƙaba wa sunan 'yan'uwanmu mutanen Nijar da suka shahara da sayar da shi. A nan manya ke buɗe hirar tseren Bandama, wanda aka fara a 1969, ya kuma kasance cikin gasar duniya daga 1978 zuwa 1992. Labarin da ba sa gajiya da shi shi ne na 1972, shekarar da babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshen tseren. Sai kuma Peugeot 504, wadda Timo Mäkinen ya ci tseren 1976 da ita. A wurinsu 504 ba ta da sa'a, kuma ba na musu: injinta a fili yake, hannu na shiga ko'ina, ƙafafunta na shanye ramuka. Har Kaduna aka riƙa harhaɗa ta, shi ya sa direban da ya taso daga Katsina da wanda ya taso daga Korhogo suke iya fahimtar juna a kanta ko babu yare ɗaya.

Da na kai shekara goma sha biyu aka ƙara mini matsayi, na zama ɗan aike zuwa kas, kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Adjamé. A can na ga inda motocin da ake kira "France au revoir", wato kwancen Turai, suke ƙarewa, an yanka su kamar sa ranar salla, ƙofa a nan, giyabos a can. Kawu yakan ba ni tsohon ƙarfen in tafi da shi, ya ce, "Ka ɗora a kan sabon, in rami ɗaya bai hau ba ka dawo da kuɗina."

Mahaifina bai so wannan ba. Yakan kama hannuna ya duba farce kafin mu tafi masallaci, ya ce da mahaifiyata, "Ɗan'uwanki zai mayar mini da yaro aparanti." Sharaɗin da suka yi shi ne, muddin sakamakon makaranta ya faɗi, Treichville ta haramta. Don in ci gaba da wankin noti na riƙe boko, har na yi difloma a aikin jarida. Yau a ɗakin watsa shiri nakan ji ƙugin waya maras kyau tun injiniya bai gani a allonsa ba, abokan aiki su ɗauka baiwa ce.

Sana'ar dai tana sauya fata. Tun Yulin 2018 dokar Kodebuwa ta hana shigo da ƙaramar motar da ta haura shekara 5, kuma titunan Abidjan sun cika da ƙananan Suzuki na masu Yango. Waɗannan ba su da kafireton da za a murɗa. Ana jona musu na'urar da makanikanmu ke kira baliz, ta fitar da lamba. Ba na cikin masu zagin na'urar, ni ma na sayi ƙarama ina amfani da ita a tsohuwar Corolla tawa. Sai dai ita inda ciwo ya bayyana take faɗa, ba kullum take faɗar musabbabinsa ba, kuma na sha ganin an canza sensa mai tsada alhali waya ce ɓera ya ci. Abin da ya fi damuna shi ne aparantin da bai yi boko ba: lambar nan da bayaninta a rubuce suke, da Faransanci ko Ingilishi. A garejin kawu yanzu yara huɗu ne, ɗaya ne kawai ke iya karanta allon, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Kawu ya ɗaga shi daga kwanon gas tun bai cika wata uku ba, sauran ukun kuwa har yanzu ba su yafe masa ba.