Mayen Zurfi a Dahab

Dahab ƙaramin gari ne a gaɓar Mashigin Aƙaba, a yankin Sina'i na ƙasar Masar. Masu nutso suna tururuwa can saboda tun daga bakin gaɓa ruwan yake yin zurfi, ba sai an hau jirgi ba. Ina karatu a Alƙahira na fara zuwa koyon nutso da tulun iska a baya. Matakin farko ba a wuce mita 18. A mataki na biyu ne ake kai mutum mita 30.

Ranar da za a kai mu mita 30, kafin mu shiga, malaminmu, wani ɗan Masar marar yawan magana, ya zaunar da mu a kan tabarma. Ya ce abin da ke cikin tulun iskar duniya ce, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, wanda a kan tudu ba ruwansa da kowa. To amma a mita 30 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu sau huɗu, sai naitirojin ya narke cikin jini ya isa ƙwaƙwalwa, ya bugar da mutum. Tun 1935 likitan sojan ruwan Amurka Albert Behnke ya nuna cewa shi ne mai laifin. Maganinsa ɗaya: a ɗan yi sama, a hankali.

Abokin nutsona ɗalibin likitanci ne, mai kaifin kai. Muka sauka cikin Canyon, wata tsaga ce a ƙasan teku mai duwatsu hagu da dama. Da muka durƙusa a kan yashi, malam ya miƙa masa allo da ɗan lissafin da ya warware a gaɓa kafin ƙiftawar ido. Ya ƙura wa allon ido. Ya juya shi. Sai na ga kumfa tana ta ɓulɓulowa daga bakinsa, ashe dariya yake yi. Ni ma na ji nawa rabon: wani ɗumi mai daɗi, ƙarar numfashina ta cika mini kunne, agogon hannuna ina ganin lambobinsa amma sai na daɗe kafin in gane me suke nufi.

Dariyar ce ta ɗaga gilashin fuskarsa, ruwa ya shiga. Fitar da ruwa daga gilashi abu ne da ake koya tun ranar farko, amma kansa ba ya tare da shi. Ruwan gishiri ya shige masa hanci, numfashinsa ya koma gajere-gajere. A wannan zurfi iskar ta yi kauri, mai haki ba ya iya fitar da gurɓatacciyar iskar jikinsa, taruwarta kuma tana ƙara maye, tana sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi. Ya tofar da bututun numfashi. Ya fara yaƙushin ruwa yana neman sama. Idanunsa a buɗe warwar, amma ba ya ganin kowa. Wannan kallon ban taɓa mantawa da shi ba.

Da ya kuɓuce ya tafi da numfashi a riƙe, iskar huhunsa za ta yi ta kumbura har ninki huɗu kafin ya kai sama, huhu kuwa ba ya jure ko kusa da haka. Malam ya cafke rigar nutsonsa mai ɗauke da iska, ya danna masa bututun a baki, ya saki iskar rigar don kada ta ɗaga su, ya kafa fuskarsa a gaban tasa yana yi masa alamar numfashi da tafin hannu. Haka suka taso sannu a hankali, ni ina biye. Wajen mita 20 na ga kafaɗunsa sun sauka. Muka yi tsayuwar minti uku a mita 5, muka fito.

Muna shan shayi a rumfar Badawiyyai ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, me ya sa muka fito da wuri?" Abin da ya iya tunawa kawai ruwa a hanci.

Da yamma malam ya kai mu Blue Hole, wani rami mai zurfi a bakin teku can arewa kaɗan, ya nuna mana allunan sunayen matattu da aka manna a jikin dutse. A ramin akwai wata ƙofa da ke ɓullewa teku a wajen mita 55, alhali iyakar mai nutson nishaɗi mita 40 ce. Masu zuwa can da ilimi suna gauraya iskarsu da hiliyam don rage naitirojin. A nan Yuri Lipski, wanda shi kansa malamin nutso ne, ya rasu a 2000, kyamararsa tana ɗauka. Tun daga ranar raina yake ɓaci idan na ji masu nutso suna labarin mayen zurfi kamar wani abin marmari, suna zuga sababbi su je su ɗanɗana.

Abokina bai bar nutso ba. Malam ya mayar da shi ruwa marar zurfi, ya sa shi cire gilashi yana mayarwa, yana cirewa yana mayarwa, har hannunsa ya daina rawa. Sai bayan nan ya yarda ya sake kai shi Canyon.