Daga Rurum Zuwa Filin Jirgi: Fuskar Matafiyi Amana Ce

Kwanan baya na kai ziyara Rurum Tsohon Gari, ta ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Na tashi daga Kano na bi ta Bunkure, na ratsa Rano, na isa da la'asar sakaliya. Gari ne na manoma a tsakanin duwatsu, kusa da madatsar ruwan Tiga wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako.

Tun ban gama sallama a ƙofar masallaci ba wani dattijo ya dube ni, ya kira sunan mahaifina, wanda ya taɓa zuwa karatu nan. Da fuska ya gane ni. Haka zaman ƙauye yake, kowa ya san fuskar kowa, amma wanda ya san ka, kai ma ka san shi. In ya tona asirinka, ka san zauren da za ka kai ƙararsa.

Bayan sallar magariba mai masaukina ya kawo mini wata mas'ala. Mahaifiyarsa ta yi niyyar aikin Hajji, sai wani saurayi ya zo da wayar hannu ya ɗauki hoton fasfonta da fuskarta da yatsunta goma. Da ya gama, tsohuwar ta tambaye shi, "Yaro, ina za ka kai mini fuska?" Saurayin ya rasa amsa.

Abin da ya yi ba baƙon abu ba ne. Tun Hajjin 2023 maniyyatan Nijeriya ke ba da fuska da yatsu ta manhajar Saudi Visa Bio kafin samun biza. A zaɓen 2023 ma na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe ta yatsa ko fuska. Fasfonmu kuwa tun 2007 yana ɗauke da ɗan ƙwaƙwalwar da ke riƙe da hoton mai shi, kuma a 2024 aka kakkafa ƙofofi masu buɗewa da kansu a filayen jirgin Abuja da Legas. Yadda na'urar ke aiki shi ne, takan auna siffar fuska, kamar tazarar idanu da yanayin hanci da muƙamuƙi, ta mai da su lissafi, sa'an nan ta gwama da hoton da aka ajiye.

To, mene ne hukunci? Malamanmu na Malikiyya ba su hana a dubi fuska saboda uzuri ba. Mai Risala ya halatta duban fuskar mace domin shaida da makamancinta. Tabbatar da cewa mai fasfo shi ne mai tafiya lalura ce, domin tana tare ɓarawo da mai sojan gona, ta rage wa alhazai tsayuwar layi. Amma ƙa'ida ita ce, lalura ana auna ta gwargwadon buƙata. Shaida yakan duba sau ɗaya ya runtse ido. Na'ura ba ta runtsawa, ba ta mantuwa, kuma ba ka san wanda ke bayanta ba. Allah Ya hana bin diddigin asiran mutane a Suratul Hujurati, aya ta 12, Ya yi umurni da mai da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Saboda haka fuskar da aka karɓa domin biza, in aka juya ta ga wata manufa ba da yardar mai ita ba, an ci amana.

Kada a ce tsoron ƙauyawa ne. A Amurka, a 2019, ɓarayin kwamfuta sun sace hotunan matafiya daga wani kamfani mai yi wa hukumar kan iyaka aiki. In bango ya tsage a can, ina ga wayar saurayin da ke yawo gida-gida da hotunan matan mutane?

Ya ku ma'aikatan hukuma, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin sanin dalilin karɓar bayanansa, ta kuma hana a riƙe su fiye da buƙata. Ku bayyana wa maniyyaci wannan da harshen da yake ji, ku sa mata su ɗauki mata, ku tabbata ba a bar komai cikin wayar kowa ba. Ku kuma attajirai masu zirga-zirga Jidda da Dubai, kada gaggawa ta sa ku miƙa fasfon iyalinku ga dillalin da ba ku san mazauninsa ba.

Da zan bar Rurum na leƙa na gaida tsohuwar, na ce mata tambayarta ta fi ƙarfin yaron, amma wajibi ne manya su amsa ta. Allah Ya kai ta lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.