Akwatin Baba



Shekara 19 ke nan ina riƙe da littafin fadar sarkinmu a zango, nan Kumasi. Duk maganar da aka kawo gaban Sarki ni nake rubuta ta, ta aure ce ko ta bashi ko ta rikicin maƙwabta. Amma idan ka buɗe littafin nan ka bi shi shafi-shafi, maganar da za ka fi cin karo da ita ita ce ta gida. Mutum ya rasu ya bar gida mai ɗaki 14 da magada sama da 30, babu takardar fili, shaidun da aka saya a gabansu duk sun riga mu gidan gaskiya. Na rubuta irin wannan har hannuna ya saba, alhali ni kaina ɗan haya ne, kuma a gidan haya aka haife ni.

Dalilin haka yana ƙarƙashin gadon mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Katsina, a nan ya yi aure, a nan aka haifi Baba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta fitar da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Manyanmu sun san abin da ya biyo baya. Ƙanin Baba ya sayar da gidansa mai ɗaki shida a kan kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, ya hau mota da iyalinsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Baba bai tafi ba, amma a makon nan ya sayi akwatin ƙarfe, ya shirya kaya a ciki, ya tura shi ƙarƙashin gado. Ni bayan shekara biyu aka haife ni, na buɗe ido na tarar da akwatin a wurin, kuma a wurin yake har Baba ya rasu a 2004. Ya sami kuɗi a harkar goro lokuta da dama, abokansa suka yi ta ba shi shawara ya sayi fili. Amsarsa kullum ɗaya ce: baƙo ba ya gini, don kada ginin ya riƙe masa ƙafa ranar tafiya.

Na daɗe ina ɗaukar wannan magana a matsayin hikima. Aikin fada ne ya sa na fara auna ta. Na ga cewa mu da aka haifa a nan, muka yi karatun allo a nan, muka binne iyayenmu a nan, ba mu da wata ranar tafiya. Abin da muke da shi ’ya’ya ne da za su tambaye mu inda za su zauna. A 2011 na tattara ɗan abin da na tara, na haɗa da kuɗin adashin uwargida, na nufi wani gari da ke bayan Kumasi ta gabas, inda daji bai gama ja da baya ba a lokacin.

A nan zan tsaya in yi wa ƙannena bayani, domin da yawanmu muna biyan kuɗi ba mu san abin da muka saya ba. A ƙasar Tonawa yawancin filaye na kujerar sarauta ne. Tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa mutum irin wannan fili mallaka ta har abada. Abin da ake ba ka haya ce ta dogon lokaci. Ɗan ƙasa akan rubuta masa shekara 99 ga filin zama, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba a wuce masa shekara 50. Kuɗin da ka miƙa wa sarkin gari da sunan kuɗin abin sha suke kiransa, ya ba ka takardar rabon fili. Wannan takarda farkon tafiya ce kawai. Sai safiyo ya auna ya fitar da taswira, a kai ofishin filaye na Sarkin Tonawa a Manhiya, sannan a je Hukumar Filaye a yi rajista. Bayan haka akwai kuɗin ƙasa da za ka riƙa biya kowace shekara.

Na bi waɗannan matakai ina ƙorafin tsada da yawan zirga-zirga, ban san su za su cece ni ba. Wata takwas bayan na karɓi filin, mai ƙafa 80 a faɗi da 100 a tsawo, na je wata Asabar na tarar da tifa biyu na yashi da bulo kusan 300 a tsakiyarsa. Wani daga dangin masu garin ne ya sake sayar wa wani bawan Allah, direban mota, wanda bai san komai ba. Daren nan ban runtsa ba. Da safe na gaya wa Sarki, ya ce, “Malam, ɗauko takardunka, kada ka ɗauko fushi.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Ya raka ni da kansa. A gaban dattawan garin aka shimfiɗa takardu: nawa da taswira da hatimi da kwanan wata, na direban rasit ɗaya a fallen littafin makaranta. Aka tabbatar mini da filina, shi kuma aka nema masa wani can ƙasa kusa da rafi. Na yi murna, amma fuskar mutumin nan ba ta fita daga raina ba. Ya biya kuɗi kamar yadda na biya, gumi ɗaya muka yi. Tun muna makaranta aka karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur’ani a kan rubuta bashi take, amma sai ranar nan na gane nauyin darasin.

Rigima ta biyu a cikin gidana ta tashi, a kan zanen gini. Babban ɗana, wanda yake aiki a Ankara kuma yake aiko da abin da ya sawwaƙa, ya kawo mai zane. Suka fitar da gida irin na zamani: falo babba, ɗakuna huɗu kowanne da banɗakinsa, wurin ajiye mota, da shago biyu a bakin hanya. Na duba na yaba. Sai na kai wa Mma, wadda a lokacin ta haura 75, na shimfiɗa mata takardar a kan tabarma ina nuna mata da yatsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To, ina zaure?”

Mai zanen bai san abin da ake nufi ba. Da na yi masa bayani sai ya ce asarar wuri ce, falo zai yi wannan aikin. Ɗana ya ce, “Baba, shago ɗaya zai biya kuɗin wuta da na ruwa duk wata. Zaure me zai kawo?” Lissafinsa daidai ne, ban iya ƙaryata shi ba. Amma na tuna gidan hayar da muka tashi a ciki. Idan baƙo ya yi sallama da Baba, sai Mma ta tattara kwanukanta ta koma bayan labule, ko kuma Baba ya fito ya tsaya da baƙonsa a bakin kwata. Shekara 40 tana haka. Falo yana cikin gida, duk wanda ya shiga ya ga iyalinka. Zaure kuwa yana karɓar kowa ba tare da ya takura wa kowa ba: mai gida ya gana da baƙonsa, almajiri ya fake wa ruwa, yara su yi karatun dare, matan gida kuma su sake a tsakar gidansu. Muka yi wata biyu muna ja. A ƙarshe aka soke shago ɗaya, aka mai da shi zaure mai ƙafa 12 da 14, da ƙofa biyu da ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango ciki. Uwargida ita ma ta ci nata: aka fitar mata da madafa waje, saboda tukunyar tuwon suna ba ta hawa murhun gas. Ni kuma na sa aka juya banɗakuna, domin alƙibla a nan gabas ce da ta ɗan karkata arewa, mai zanen kuwa bai yi la’akari da ita ba.

Muka haƙa harsashi a 2013, bayan ruwan damina ta biyu ya ɗauke. Daga nan na koyi cewa gini ba ya son aike. Birkilan farko da na ɗauka mutum ne mai daɗin baki. Na bar masa siminti buhu 20 ya buga bulo, na tafi wajen aikina. Da na dawo na tarar da bulo sun fi abin da na zata yawa, har na yi masa godiya. Wani tsohon magini da ke wucewa ya ɗauki ɗaya ya sake shi daga daidai ƙirjinsa, sai ya wargaje kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce mini, “Alhaji, buhun da ya kamata ya ba ka bulo 25 zuwa 30, an ja shi ya ba da fiye da 40, sauran simintin kuma ya bi wata hanya.” Na zubar da bulon nan a ramin cike, na sallami birkilan ba tare da hayaniya ba, na ɗauki tsohon. Shi ya koya mini cewa bulo sabo yana son a shayar da shi ruwa safe da yamma na kwanaki, cewa yashi mai laka yana cin siminti a banza, kuma cewa ranar zuba kankare a ginshiƙi mai gida ya tsaya ya ƙirga rodi da idonsa kafin a rufe da katako, domin abin da kankare ya haɗiye ba ya sake fitowa.

Na buɗe wa ginin littafi irin na fada. Kowane buhu, kowace tifa, kowane ladan lebura, da kwanan wata. A cikinsa akwai shekarun da ba a rubuta komai ba sai kuɗin nome ciyawa. A 2015 muka kai linta, sai auren ’yata ya taso. A 2017 jinyar Mma ta cinye kuɗin katako. Akwai ranar da na tarar da rubutun jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki, kuma laifina ne, don na yi sakaci da karɓar izinin gini. A 2022 darajar sidi ta faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekarar, kuɗin siminti ya kusa ninkawa a hannunmu muna kallo. Kuɗin da na ware don yaɓe da tagogin gida duka bai wuce ɗaki biyu ba.

A lokacin ne na yi abin da ban taɓa tsammani ba. Mma ta haura 85, ƙafa ta ƙi, ga mai gidan hayarmu ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule. Na tara iyali na ce ba za mu jira gida ya kammala ba. Aka gama ɗakin Mma da namu da zaure, sauran tagogi muka toshe da bulo da kwano, muka tare a watan Maris na 2023, kafin ruwan farko. Babu tayil, babu silin, ruwa sai na rijiya. Ɗana ya ji kunya, ya ce mutane za su yi magana. Na ce masa sannu ba ta hana zuwa, kuma wanda ya zo yin magana ma yana da wurin zama, tunda ga zaure.

Ranar tarewa, da aka zo kwashe kayan Mma, sai ga akwatin nan a ƙarƙashin gadonta. Ashe shekara 19 bayan rasuwar Baba ba ta taɓa buɗe shi ba. A sabon zaure muka buɗe shi, ita tana zaune a kujera. A ciki akwai riga biyu da hula, da bargo da asu ya cinye, da tasbaha, da ƙullin tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa tun da daɗewa, da wata ’yar takarda da Baba ya rubuta da ajami: sunan unguwar kakanmu a Katsina da sunan mutumin da za a nema idan an isa. Mma ta daɗe tana juya takardar a hannunta. Sannan ta ce da ni, “Kwashe waɗannan ka ba mabukata abin da zai ba su amfani. Ka sa takardun gidan a ciki.”

Haka na yi. Yau akwatin yana ɗakina, a kan teburi. A cikinsa akwai takardar rabon fili, da taswira, da takardar haya ta shekara 99, da izinin gini, da rasit ɗin kuɗin ƙasa na kowace shekara, da littafin gini, da wata takarda da na rubuta a gaban shaidu biyu ina bayyana abin da uwargida ta zuba da abin da ɗana ya zuba, don kada wata rana wani sakatare ya rubuta sunan gidana a littafin fada. Takardar ajamin Baba ma na bar ta a ciki, a can ƙasa. Ba na ganin laifinsa. Ya ga abin da ban gani ba, kuma tsoron nan da ya riƙe shi ne ya sa ni ban yi wasa da takarda ba.

Ɗakuna biyu har yanzu ba a yaɓe su ba. Amma kowace yamma bayan Magariba yaran unguwa kusan 15 suna zuwa zaure da allunansu, Mma kuma tana jin muryarsu daga ɗakinta, wani lokaci ta aiko a gyara wa wani karatu. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mai nema wurin zama, Ya sa gidajenmu su zama sanadin zumunci bayan ranmu. Amin.