Gwajin Manhajar Kasuwanci: Inda Kara Ke Zama Cuta

Macen da ta san kan tukunyar ƙasa ba ta biyan kuɗinta sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurari amonta, domin tsagar da ta ɓuya ga ido ba ta ɓuya ga kunne. Mai sayen sa ba ya tayawa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ajiye wannan ɗabi'a a gefe idan aka zo kan manhajar wayar hannu, alhali a yau ita ake shirin danƙa wa littafin ciniki da littafin bashi, wato dukiyar mutum da mutuncinsa a haɗe.

Mai karatu zai tuna farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin kuɗi a hannun jama'a. A kasuwannin Shuwarin da Gujungu da Sara, manomi zai kawo riɗi ko zoɓo, mai saye yana da kuɗi a banki amma babu na miƙawa. Dattawan da suka sha alwashin ba za su taɓa karɓar kuɗi ta waya ba, dole ta sa suka koyi jiran alat. A watan Maris na shekarar Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, kuɗi suka dawo hannu a hankali, amma wayar ta riga ta sami wurin zama a kan teburin ɗan kasuwa. Daga nan matasanmu da suka karanci kwamfuta, a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 ko a cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure ko a wasu wuraren, suka hango wata ƙofa: a ƙirƙiro manhajar da za ta riƙe wa mai shago lissafin kaya da ciniki da bashi. Tunani ne mai kyau, kuma ina cikin masu yi masa fatan alheri.

A al'adar masu wannan sana'a, manhaja kan bi ta matakai biyu na gwaji kafin a sake ta, kuma an raɗa musu sunayen haruffa biyu na farko na Girkanci. A matakin alfa, waɗanda suka gina ta ne ke gwada ta a tsakaninsu. A matakin beta kuwa, sai a miƙa ta ga wasu mutane na waje su yi aiki da ita kamar da gaske, su dawo da labarin duk inda ta yi tuntuɓe. Kamfanin Google ya mayar da wannan mataki tilas ga ɗaiɗaikun masu manhaja da suka buɗe asusu bayan 13 ga Nuwamban 2023: ba za a bar su su baje manhajarsu a kasuwar Play Store ba sai mutum 20 sun shiga gwajinta na kwana 14 a jere. A ƙarshen 2024 aka rage adadin zuwa mutum 12. Sai dai wannan ƙa'ida kawuna take ƙirgawa da kwanaki. Ba ta tambayar ko mutum 12 ɗin nan sun taɓa auna tiya ɗaya ta gero a rayuwarsu.

Ni malamin makaranta ne, amma da yamma nakan zauna a shagon yayana na hatsi da kayan masarufi a nan Dutse in daidaita masa littafi. A nan wasu matasa uku suka same mu da roƙon mu shiga cikin masu gwada manhajarsu. Da na tambayi su wane ne sauran, sai na tarar yawancinsu abokan karatunsu ne, masu manyan wayoyi da wadatar data, waɗanda ba su sayar da ko ashana. Shaguna biyu kacal ne a cikin jerin, namu da wani. A makon farko suka nuna mini saƙonnin da suke samu cike da murna: wannan ya ce “Masha Allah,” wancan ya ce “Allah Ya ƙara basira.” Babu wanda ya kawo kuskure ko ɗaya.

Ranar da babbansu ya dawo jin ra'ayin Yaya, sai ya rusuna ya ce, “Alhaji, yaya aka ga aikin namu?” Yaya ya ce, “Kun yi ƙoƙari, yarona, Allah Ya yi albarka.” Yana ba da baya Yaya ya ture wayar gefe ya jawo littafinsa, ya ce mini, “Wannan abu ba zai yi mana ba.” Na ce, “To Yaya, me ya hana ka gaya masa?” Ya ce, “Haba, yara sun sha wahala. Ni ne zan karya musu gwiwa?”

Wannan amsa ita ce dalilin rubutun nan. Kara tana cikin kyawawan halayen Bahaushe. Ita ke sa ka ci tuwon maƙwabci da miyar da gishiri ya yi wa yawa, ka ce an gode. Amma mai gwada manhaja ba baƙo ba ne a gidan biki. An kira shi ne musamman don ya nemo aibi, kuma duk aibin da ya gani ya rufe, zai faɗa ne a kan wani bawan Allah da zai sauke manhajar gobe yana zaton an tace ta.

Da na zauna da Yaya na ce ya zayyana mini abin da ya gani, sai ga shi ya fi duk abokan karatun nan gani. Na farko, manhajar kilo ta sani da guda-guda, mu kuwa da tiya da mudu da buhu muke ciniki, kuma yawan tiyar da ke cikin buhu yakan bambanta daga kaya zuwa kaya. Na biyu, babu gurbin gyara. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san bayan an auna akan ƙara ɗan hannu, kuma idan ba a yi lissafinsa ba, buhu zai ƙare manhaja tana cewa da saura. Na uku, ba ta yarda a rubuta mai karɓar bashi sai an sa sunan mahaifinsa da lambar wayarsa, alhali rabin mutanen littafin Yaya da laƙabi aka san su: mai shayin bakin tasha, matar liman, direban tifa. Na huɗu, haruffanmu masu lanƙwasa sun rikita ta. Idan yau ka rubuta suna irin Ɗanladi da ɗ, gobe yaro ya rubuta shi da d, sai ta raba mutum ɗaya gida biyu, kowanne da nasa bashin. Duk waɗannan babu wanda zai gano su a ɗakin kwanan ɗalibai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban al'amarin ya faru ne ranar kasuwar Shuwarin. Yaron shagonmu, wanda ya shekara shida tare da Yaya ba a taɓa samun sa da ko sisi ba, ya tafi da kaya da wayar. Duk wanda ya san ranar kasuwa ya san yadda sabis ke yin nauyi idan jama'a suka cika. Da dare muka zauna lissafi, manhaja ta nuna ciniki ya zarce kuɗin da ke cikin jaka da kusan Naira 40,000. Yaya bai ce uffan ba, amma na ga yadda ya ɗago ya dubi yaron, na kuma ga yadda yaron ya fahimci kallon. Ya fara rantsuwa muryarsa tana rawa. Abin da ya cece shi shi ne Yaya bai taɓa yarda a daina rubutu a littafin takarda ba. Muka bi layi-layi muna gwamawa, sai muka tarar ciniki uku sun shiga manhajar sau biyu-biyu, kowanne a cikin minti guda. Idan sabis ya tsaya, allon wayar ba ya nuna alamar an karɓa, sai yaron ya sake dannawa. Da sabis ya dawo, manhaja ta ƙirga duka biyun.

Kada mai karatu ya ɗauka irin wannan sai ƙananan matasa marasa jari. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta ƙasar ta raba wa rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina. Manhajar takan nuna giɓin kuɗin da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900 masu kula da rassan bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. An ɗaure wasu, wasu suka sayar da gidajensu don cike giɓin, wasu suka mutu kafin a wanke su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, bayan ƙarar da mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, sannan a 2024 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Tushen masifar shi ne an ɗauka na'ura ba ta kuskure, saboda haka duk inda lissafi ya saɓa, mutum ne ɓarawo. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da 'yan jarida masu bin diddigi, ina ga yaron shago a Kiyawa ko Jahun, wanda hukuncinsa ba ya wuce a ce masa “daga gobe ka huta,” labari kuma ya bazu a unguwa har ya hana shi aure?

Washegari Yaya da kansa ya sa aka kira matasan. Wannan karon bai yi musu kara ba, kuma bai ci musu fuska ba. Ya buɗe littafi ya ajiye kusa da wayar ya ce, “Ku duba da idonku. Jiya saura ƙiris in zalunci ɗan mutane saboda abin nan naku.” Na yaba da yadda suka karɓi maganar. Babbansu ya ce, “Alhaji, wannan ita ce gudummawar da muke nema tun farko.” Suka ɗaga ranar sakin manhajar. Suka gyara ta yadda kowane ciniki zai fara zama a cikin wayar da lambarsa ta daban, ko sau nawa aka tura shi sau ɗaya za a ƙirga. Ɗayansu ya bi yaronmu Shuwarin kasuwa biyu a jere, ya zauna a kan buhu yana kallo. A can ya gano abin da ko mu ba mu faɗa masa ba: rubutun ya yi ƙanana, ba ya karantuwa a tsakar rana, kuma manhajar tana cinye caji kafin La'asar.

Daga abin da na gani, akwai haƙƙoƙi a kan ɓangarorin biyu. Mai gina manhaja ya zaɓi masu gwajinsa daga cikin waɗanda ya gina ta dominsu: mai hatsi, mai dabino, mai kemis, tela, da matan da ke sana'a a cikin gida, waɗanda akasari 'ya'yansu ne ke riƙe musu waya. Ya gwada ta a kan tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kada ya tsaya ga tambayar “ta yi kyau?”, domin amsar da zai samu a ƙasar Hausa sananniya ce. Ya zauna ya kalli hannun mutum, ya ga inda yatsa ya tsaya yana laluben hanya. Ya saya wa masu gwajin data, tunda aiki suke yi masa. Sannan ya tuna littafin bashi sirri ne. A cikinsa akwai magidancin da ya karɓi tiyar masara da dare don kada maƙwabta su gani. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a kan mai tattara su, kuma tun kafin dokar addini ya hana tona asirin mutane. Wajibi ne a gaya wa mai shago inda sunayen ke tafiya, da wanda ke iya ganinsu, da yadda za a goge su idan gwaji ya ƙare.

Shi kuma mai gwaji, kada ya saki littafinsa na takarda har sai manhajar ta yi watanni tana dacewa da shi. Idan ya ga kuskure ya rubuta ranar da lokacin da abin da ya danna, domin “ta ƙi yi” kawai ba ta isa a gano ciwo ba. Idan lissafi ya saɓa, ya fara tuhumar na'ura kafin ya tuhumi mutum.

Ina da kira na musamman ga ɗalibai, tunda ku aka fi turo wa irin wannan roƙo don a cika mutum 12. Idan abokinka ya ce ka shiga gwajin manhajarsa, ka sani shaida aka nema a wurinka. In ba ka da lokacin yin aiki da ita, ka gaya masa ya nemi wani. In kuwa ka karɓa, ka kai ta wurin kawunka mai shago ko innarka mai ƙuli-ƙuli, ka dawo masa da gaskiyar abin da suka faɗa bayan ka ba da baya, ko da ɗaci. Ɓacin ran kwana ɗaya tsakanin abokai ya fi sauƙi a kan manhajar da za ta shiga shaguna ɗari da kuskurenta, ta raba ubangida da yaronsa.

Jigawa na buƙatar waɗannan matasa, kuma kasuwanninmu na buƙatar aikinsu. Taimakon da za mu yi musu shi ne mu faɗa musu aibin aikin tun yana hannunsu, lokacin da gyara ba ya cin komai sai 'yan kwanaki. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi, Ya kuma tsare mu daga zaluntar wanda ba shi da laifi.